Turanci a Bakin Yaron Indiya: Gaskiya ko Jita-jita?

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya, a Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, ya saba da jarumin da zai faro magana da Hindi, kafin ya dire ta ya tsinke da Turanci. Dattawanmu kuma ba su manta da malaman Indiya da suka koyar da lissafi da kimiyya a sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980 ba. Yau ga likitocinsu da ake tafiya wurinsu neman lafiya, ga masanan kwamfutarsu da ke shugabantar manyan kamfanonin Amurka. Daga nan ne wata magana ta zauna a majalisunmu, wai Indiyawa sun ci gaba ne saboda tun yaro yana tatata ake ɗura masa Turanci. Na sha jin ana kafa hujja da wannan idan ana muhawarar harshen da ya kamata a fara koyar da 'ya'yanmu da shi. Shi ya sa na ga ya dace mu leƙa Indiyar kanta, mu ga abin da ke faruwa da yaro ɗan shekara huɗu ko biyar a can, da irin Turancin da ake koya masa, da kuma abin da ake ba shi labari a cikin Turancin.

"Kowane yaro a Indiya yana jin Turanci"

Wannan jita-jita ce tsagwaronta. Ƙidayar da aka yi a 2011 ta sami mutum biliyan 1 da miliyan 210 a ƙasar. Waɗanda suka ce Turanci ne harshen da suka tashi da shi a gida ba su wuce 260,000 ba. Idan aka haɗa da waɗanda suka ce shi ne harshensu na biyu ko na uku, adadin ya kai kusan miliyan 129, wato mutum ɗaya cikin goma. Miliyan 129 jama'a ce mai yawa, ta ninka mutanen Ingila, shi ya sa muryarsu ta cika duniya. Amma bayansu akwai mutum tara cikin goma da ba mu cika ganinsu a fim ko a asibiti ba: manomin shinkafa a Bihar, mai kamun kifi a gaɓar Odisha, mai ɗinki a lungunan Lucknow. Ko da adadin masu Turancin ya ƙaru tun daga wancan lokaci, mafi yawan yaran ƙasar suna shiga aji ɗaya ne ba tare da akwai mai yi musu Turanci a gida ba.

Akwai wata maganar da ke tafiya tare da wannan, cewa sauran duk Hindi suke yi, kuma al'adarsu ɗaya ce. Ita ma ba haka take ba. Waɗanda aka ƙidaya a matsayin masu Hindi ba su kai kashi 44 cikin ɗari ba, kuma a cikin wannan lissafi an cusa masu Bhojpuri da Rajasthani da wasu harsunan da masu su ke ganin cin gashin kansu suke yi. Tsarin mulkin ƙasar ya lissafa harsuna 22, ƙidayar kuma ta sami harsuna 121 da kowannensu ke da masu magana 10,000 ko fiye. Bengali da Tamil da Telugu da Malayalam da Gujarati kowanne da irin rubutunsa. Ba a ma ayyana wani harshe a matsayin harshen ƙasa ba. Hindi da Turanci harsunan aikin gwamnatin tarayya ne kawai. Lokacin da aka so janye Turanci a bar Hindi kaɗai a 1965, tarzoma ce ta ɓarke a jihar Madras, aka rasa rayuka, kuma har gobe jihar, wadda yanzu ake kira Tamil Nadu, harsuna biyu kawai ta yarda da su a makarantunta, Tamil da Turanci.

Wannan yana da muhimmanci ga duk mai rubuta wa ƙananan yara littafin koyon Turanci a kan "al'adunmu na Indiya". Al'adar wa? Yaron Kerala bikin Onam ya sani, na Tamil Nadu Pongal, na Assam Bihu, na Punjab Baisakhi. Musulmi sun haura miliyan 170 a ƙidayar 2011, yaransu kuma sallar azumi da ta layya suka sani. A Nagaland da Mizoram da Meghalaya Kiristoci ne suka fi yawa. Littafin da ya tsaya a kan Diwali da Holi kawai ya bar miliyoyin yara a waje. Abin da ya haɗa su yana nan: zaman gandu da kakanni, damina da ake ɗokin zuwanta, jirgin ƙasa, shayin madara, wasan kurket a lungu, tatsuniyar dabbobi. Amma sai marubuci ya yi da gaske kafin ya same shi.

"Da wuri ake kama Turanci, in an makara shi ke nan"

A nan ne zan daɗe, domin ita ce maganar da ta fi kama zukatan iyaye, a can da nan. Akwai gaskiya a cikinta. Yaro ƙarami yana da kunne mai kaifi da harshe mai laushi. Idan ya tashi a inda ake yin wani harshe dare da rana, zai kama shi da lafazinsa yadda babba ba zai iya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To amma sharaɗin shi ne a ce harshen ya kewaye shi. Yaron da ke jin Turanci na minti arba'in a rana daga bakin malamar da ita kanta laluben sa take yi, ba ya cikin wannan hali. Wani dogon bincike da Carmen Muñoz ta jagoranta a Basalona ta ƙasar Sifaniya, wanda aka wallafa a 2006, ya kwatanta yaran da suka fara Turanci a makaranta suna da shekara 8 da waɗanda suka fara suna da 11. Bayan an ba su awoyin darasi daidai wa daida, waɗanda suka fara a makare ne suka fi saurin koyo.

Sannan ga shaida daga Indiyar kanta. Akwai wata ƙungiya mai suna Pratham, wadda aka kafa a Mumbai a tsakiyar shekarun 1990. Tun 2005 take tura masu aikin sa kai ƙauye-ƙauye, gida-gida, su zaunar da yaro su miƙa masa takarda su ce ya karanta. Rahoton da take fitarwa ana kiransa ASER, kalmar da a Hindi ke nufin tasiri, kuma ita da kalmarmu ta "tasiri" duk daga tushen Larabci ɗaya suka fito. A zagayen 2022 an gwada yara kusan 700,000. A cikin 'yan aji biyar, ɗaya cikin huɗu ne kawai ya iya karanta gajerun jimlolin Turanci masu sauƙi, kuma haka adadin yake a 2016. A cikin waɗanda suka iya karantawar ma, kusan huɗu cikin goma ba su iya faɗin ma'anar abin da suka karanta ba. Wannan kuwa a ƙasar da yawancin jihohinta sun daɗe da mayar da darasin Turanci zuwa aji ɗaya, inda makarantun kuɗi masu allon "da Turanci muke koyarwa" suka cika ƙauyuka.

Adadin da ya fi tayar mini da hankali ma ba na Turancin ba ne. A wannan rahoto, 'yan aji biyar da suka iya karanta labarin da aka rubuta don 'yan aji biyu ba su kai kashi 43 cikin ɗari ba, kuma galibi da harshen yankinsu aka gwada su. Yaron da bai gane cewa baƙaƙen da ke kan takarda magana suke ɗauke da ita ba, ba zai gane hakan da harshen da ba ya ji ba. Abin da ke faruwa sai ya zama hadda: malama ta faɗa, yara su amsa da ƙarfi, a kwafe daga allo, a kai gida uwa ta ga littafi cike da Turanci ta yi murna. Karatu kuwa sau ɗaya ake koyonsa. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali ya fitar da ma'ana da Telugu ko Marathi, wannan basirar yake ɗauka ya shiga Turanci da ita, ko da rubutun ya bambanta.

Gwamnatin Indiya ta amince da wannan a rubuce. Dokar haƙƙin ilimi ta 2009 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa gwargwadon iko. Manufar ilimi ta 2020 ta ƙara jaddadawa, ta ce inda hali ya yi, harshen gida ko na yanki ya zama na koyarwa har aƙalla aji biyar, in so samu ne har aji takwas. Ba ta hana Turanci ba. Abin da ta nema shi ne ya shigo ta kunne da baki tukuna, ta hanyar waƙa da wasa da labari, kafin a ɗora wa yaro karatu da rubutu da shi. Manufar ta ɗauki shekara 3 zuwa 8 a matsayin zangon aza harsashi, kuma ta jingina shi da cibiyoyin renon yara da ake kira anganwadi, waɗanda aka fara a 1975 kuma yanzu sun kusa miliyan 1 da dubu 400. Kalmar angan tana nufin tsakar gida. A jihar Odisha, tun 2007 ake fara koyar da yaran ƙananan ƙabilu da harsunansu, irin su Santali da Saora da Kui, sannan a shigo da Odia da Turanci sannu a hankali. Mu ma nan Najeriya mun taɓa ganin irin wannan, a gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare, ana ba su Turanci a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin.

Hukuncin wannan magana: rabinta gaskiya ne. Jin Turanci da wuri yana da amfani. Mayar da shi harshen koyar da komai ga yaron da ba ya jin sa, shi ne inda ake yin ɓarna.

Ita kuwa maganar cewa harshe biyu ko uku suna rikita yaro, ba sai an ɓata lokaci a kanta ba. Yaron Mumbai yakan yi Gujarati da kakarsa, Marathi da maƙwabta, Hindi a kasuwa, kamar yadda yaron Yola ke yin Fulatanci da Hausa ba tare da kansa ya juye ba. Cakuɗa kalmomi da yara ke yi mataki ne na koyo, ba ciwo ba ne.

"Turanci yana raba yaro da al'adarsa"

Masu wannan magana ba daga sama suka tsinto ta ba. A 1835 Thomas Macaulay ya rubuta wa gwamnatin mulkin mallaka shawarar a zuba kuɗin ilimi a kan Turanci, da nufin samar da wani rukuni na mutane waɗanda jininsu da fatarsu na Indiya ne amma tunaninsu da sha'awarsu na Ingila. Har yau a Indiya ana yi wa wasu gorin cewa su 'ya'yan Macaulay ne. Gandhi ya yi ta kukan yadda karatu da Turanci ya sa shi ya zama baƙo a cikin gidansu. Rabindranath Tagore, wanda ya ci kyautar Nobel a 1913, ya bayyana cewa abin da ya buɗe masa kai shi ne da Bengali aka fara koyar da shi, a lokacin da ake rububin Turanci. Shekaru da yawa bayan samun 'yanci, yaran nazire a garuruwan da zafi ke gasa mutane suna rera waƙoƙin Ingila da ke korar ruwan sama, alhali iyayensu addu'ar saukarsa suke yi.

Sai dai laifin na abin da aka zuba cikin ƙwaryar ne. A 1967 wani mutum mai suna Anant Pai ya kalli gasar kacici-kacici ta yara a talabijin, ya ga suna amsa tambayoyi kan tatsuniyoyin Girka amma sun kasa faɗin sunan mahaifiyar Rama, jarumin Ramayana. Wannan ya sa ya fara fitar da littattafan zane da ake kira Amar Chitra Katha, waɗanda ke ba da labaran tarihi da addinai da tatsuniyoyin Indiya. Da Turanci yawancinsu suka yi suna, kuma yaran birni da yawa ta nan suka fara sanin labarin Sarki Akbar da wazirinsa Birbal mai wayo. An soki littattafan, kuma da hujja, kan yadda suke zana jarumai farare, miyagu baƙaƙe, da yadda suke nuna mata. Duk da haka sun tabbatar da cewa Turanci zai iya ɗaukar kayan gida. Kafin shi, mai zanen barkwanci Shankar Pillai ya kafa gidan buga littattafan yara a Delhi a 1957, bayansa kuma gidan buga littattafai na Tulika ya taso a Chennai a 1996 da littattafai masu harshe biyu a shafi ɗaya, layin Turanci a sama, na Tamil ko Hindi a ƙasa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na sunayen dangi. Bature kalma ɗaya gare shi ta ɗan'uwan uba da ɗan'uwan uwa. Mai Hindi kuwa ƙanen uba chacha ne, wan uba tau, ɗan'uwan uwa mama. Kakanni na wajen uba dada da dadi, na wajen uwa nana da nani. Bahaushen da ya san bambancin baffa da kawu, da na gwaggo da inna, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Littattafan yara na Indiya na yanzu suna barin waɗannan kalmomi yadda suke a tsakiyar jimlar Turanci, haka ma roti da dal da diya, 'yar fitilar kasko. Yaro yana buɗe shafi ya ga nani tana shafa wa jikarta man kwakwa a kai, ya riga ya san rabin labarin, sai hankalinsa ya koma kan sababbin kalmomi uku ko huɗu da ake son ya kama. Hukumar NCERT mai tsara manhajar ƙasa ta bi wannan hanya: littafin Turanci na aji ɗaya da biyu da ta fitar a 2023 sunansa Mridang, sunan wata ganga mai baki biyu, na aji uku kuma Santoor, shi ma kayan kiɗa ne. A farkon wannan shekarar ta 2023 aka ƙaddamar da Jaadui Pitara, wato akwatin al'ajabi, mai ɗauke da 'yan tsana da katuna da kacici-kacici da labarai don 'yan shekara 3 zuwa 8.

Tatsuniyoyin da ake yawan sauƙaƙa wa yaran da Turanci kuwa ba baƙinmu ba ne. Panchatantra, tsohon littafin labaran dabbobi na harshen Sanskrit, shi ne ya bi ta Farisa har Ibn al-Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8 da sunan Kalila wa Dimna, kuma masana sun nuna cewa yana cikin rijiyoyin da Abubakar Imam ya ɗebo ruwa lokacin da yake rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930. Labari ya tsallaka harsuna huɗu ko biyar ya iso Zariya bai mutu ba. Saboda haka maganar cewa Turanci yana raba yaro da al'adarsa jita-jita ce, amma da sharaɗi: idan har gida ya daina yi wa yaro harshensa, ana dukansa ko cin tararsa a makaranta don ya yi shi, to rabuwar za ta faru, kuma tana faruwa.

"Iyayen da ke rububin makarantar Turanci burga kawai suke yi"

Wannan hukunci ne na wanda ya ƙoshi. Wani bincike da masana tattalin arziki uku, Azam da Chin da Prakash, suka wallafa a 2013 ya gano cewa namijin Indiya da ya iya Turanci sosai yana samun kusan kashi 34 cikin ɗari fiye da takwaransa da bai iya ba, ko da karatunsu ɗaya ne. Kotun ƙoli da Turanci take zama, karatun likita da injiniya galibi da shi ake yi. Direban a-daidaita-sahu da ke matse cikinsa don biyan kuɗin makarantar 'yarsa ya san abin da yake gani. Fim ɗin Hindi Medium na 2017, wanda Irrfan Khan ya fito a ciki, a kan wannan fafutuka aka gina shi.

Ga 'yan Dalit, waɗanda tsarin fifikon asali ya ajiye a can ƙasa ya hana su karatu ƙarni da ƙarni, maganar ta fi haka zurfi. Savitribai Phule, wadda ita da mijinta Jyotirao suka buɗe makarantar 'yan mata a Pune a 1848, ta yi wa talakawa kira da su koyi Turanci. Ambedkar, jagoran rubuta tsarin mulki, a Amurka da Ingila ya yi karatu mai zurfi. A 2010 marubuci Chandra Bhan Prasad ya kai ga fara gina wa Turanci ɗakin bauta a wani ƙauye na Uttar Pradesh, don ya nuna cewa shi ne mafitar mutanensa. Hujjarsu mai nauyi ce: masu wa'azin harshen uwa 'ya'yansu na makarantun Turanci. Kotun ƙoli ma a 2014, a shari'ar jihar Karnataka, ta ce gwamnati ba ta da ikon tilasta wa iyaye harshen uwa a matsayin harshen koyarwa. A ɗaya ɓangaren, da gwamnatin Andhra Pradesh ta ba da umarni a 2019 cewa a mayar da makarantunta na firamare Turanci zalla, babbar kotun jihar ta soke umarnin a 2020. Daga cikin abin da jihar ta koma yi har da buga littattafai masu Telugu a shafi ɗaya, Turanci a shafin da ke kallonsa.

A ganina iyayen ba su yi kuskure a abin da suke so ba. Wanda ya cuce su shi ne mai sayar musu da allon ƙofar makaranta a madadin Turanci, ya hana yaro harshen da yake tunani da shi, bai kuma ba shi wani ba.

Darasin Pratham ya riga ya iso mu. Dabararta ta raba yara gwargwadon abin da suka iya maimakon ajin da suke, wadda Abhijit Banerjee da Esther Duflo, masu kyautar Nobel ta 2019, suka daɗe suna gwadawa a Indiya, an yi amfani da ita a Borno da wasu jihohin Arewa. Rumbun littattafan yara na kyauta mai suna StoryWeaver, wanda Pratham Books ta buɗe a intanet a 2015, yana da labarai da ɗaruruwan harsuna, har da Hausa.

Mai karatu, idan kana da ɗa ko jika a nazire ko firamare, ka yi masa irin gwajin da ake yi wa yaran ƙauyukan Indiya. Ka buɗe littafinsa na Turanci, ka nuna masa jimla ɗaya ya karanta, sannan ka ce ya faɗa maka da Hausa abin da take nufi.